Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Nisan Yamai Da Kano Ta Sama

Tambayar da na zo muku da ita a wannan mako gajera ce, har ɗan makaranta ya iya ɗaukarta wasa: mene ne nisan da ke tsakanin Yamai da Kano? In ka tambayi mai taswira, zai aza ma'auninsa ya ce maka kilomita 700 ne da ƴan kai, daga filin jirgin sama na Diori Hamani zuwa na Malam Aminu Kano. In ka tambayi direban da ke bi ta Doso da Dogondutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi, ya ƙetare iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya, ya faɗa Katsina kafin ya miƙe, zai ce maka abin ya haura kilomita 900, kuma da wuya a yi shi ba a kwana a hanya ba. In kuwa mai sayar da tikitin jirgi ka tambaya, amsar da zai ba ka ta yi hannun riga da waɗannan biyu, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Ni mazaunin Koira Kano ne a nan Yamai, amma asalina Damagaram. Baƙin da kan sauka wurina daga gabas sukan yi murmushi in sun ji sunan unguwar, su ce ashe Kanawa sun kafa zango har a bakin kogin Isa. Nakan gaya musu sunan Zabarmanci ne, ma'anarsa gari mai daɗi, ba abin da ya haɗa shi da birnin Dabo. Duk da haka zaton nasu yana da tushe, domin a zuciyar Bahaushen Nijar Kano ba ta taɓa zama baƙon wuri ba. Atamfar shagunan Maraɗi da ta Kantin Kwari sun san juna, wakenmu da riɗinmu sun san hanyar kasuwar Dawanau, ɗiyanmu suna karatu a Jami'ar Bayero, marasa lafiyarmu suna neman magani a asibitocin can, ga kuma auratayya da ta sarƙe gidaje tun kaka da kakanni.

Bari mu fara da yadda a ke auna nisan sama, don kada mu yi gardama a kan abin da ba mu tantance ba. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya ƙare aikinsa a hasumiyar kula da tashi da saukar jirage, shi ya fahimtar da ni wannan da ƙwarya da zare. Ya kife ƙwarya, ya ɗiga alama biyu a bayanta, ya ja zare tsakaninsu har ya miƙe, ya ce: "Malam, duniya a dunƙule ta ke kamar wannan. Inda zaren nan ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta, ita kuma a ke rubutawa a littafi." Kowane filin jirgi yana da mazauninsa na lissafi. Na Yamai yana kan digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, da digiri 2 da kaɗan gabas da layin da ya ratsa Landan. Na Kano yana kan digiri 12 arewa, 8 da rabi gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne, daga yamma zuwa gabas kuwa, a yankinmu, wajen 108. Ke nan Kano tana gabas da mu da wajen kilomita 690, tana kudu da mu da wajen 160, in aka yanke kusurwa tsakanin biyun sai a sami 700 da kaɗan. Matuƙa jirgi su da mil na teku su ke magana, wanda kowane ɗaya mita 1852 ne, saboda haka a bakinsu nisan mil 380 ne.

In muka bi sauran filayenmu da wannan zare, za mu ga abin lura. Yamai zuwa Maraɗi wajen kilomita 540 ne ta sama, 660 ta mota. Yamai zuwa Damagaram wajen 740, ta mota kusan 900. Yamai zuwa filin Mano Dayak na Agadas shi ma wajen 740 ɗin ne, ta mota kusan 950. Yamai zuwa Difa wajen 1130, ta mota fiye da 1350. Maraɗi zuwa Kano wajen 220, Damagaram zuwa Kano kuwa da ƙyar ya cika 200. Wato ta sama Kano ta fi Damagaram kusa da Yamai, kuma ɗan Damagaram ya fi kusa da Kano kusan sau huɗu a kan yadda ya ke da babban birnin ƙasarsa. Babban jirgi mai gudun kilomita 800 a awa, ko an sa lokacin hawa da na sauka, awa ɗaya da ƴan mintoci sun ishe shi daga Yamai zuwa Kano. Ƙaramin jirgi mai farfela, da ke yin 450 zuwa 500, ba zai cika awa biyu ba. Ni da ke zaune arewa maso yamma da gari, alhali fili yana kudu maso gabas a kan hanyar Doso, sai na ratsa Yamai kaf kafin in isa. A lokacin tashi daga aiki wannan ɗan taƙi kan ci rabin abin da jirgi zai ci zuwa Kano.

Akwai abin da ya fi wannan ba ni mamaki cikin bayanin dattijon. Ashe sararin sama ma an raba shi gunduma-gunduma, kowace da masu kula da ita. Gundumar da ke bisa kanmu sunanta Yamai, hukumar ASECNA ce ke riƙe da ita, wadda aka kafa a Sanluwi ta Senegal a 1959, wadda kuma makarantarta ta EAMAC ke nan garin tana horar da ma'aikatan ƙasashe da dama. Gundumar da ta rufe Najeriya baki ɗaya kuwa sunanta Kano. Ya ce shekara da shekaru yana karɓar jiragen da suka taso daga Legas za su Turai daga hannun takwarorinsa na can, ya raka su da murya har ya miƙa su gaba, da asuba kuma ya mayar musu da masu komowa. Garuruwan nan biyu maƙwabta ne a sama, katanga ɗaya ta raba su, suna gaisawa dare da rana a kan jiragen wasu.

A cikin hunturun 2017 bukata ta sa na gwada wannan maƙwabtaka. Yayata, wadda ta goye ni, ta fi shekara arba'in tana aure a Fagge. Ran wata Talata bayan isha'i ɗanta ya kira ni ya ce: "Kawu, jikin Hajiya ya yi tsanani, an kwantar da ita, tun la'asar kuma sunanka ta ke kira." Na ce ya gaya mata ina tafe. Washegari da hantsi ina zaune gaban wata mai sayar da tikiti a cikin gari, yarinya mai ladabi. Ta daɗe tana duba kwamfuta, sa'an nan ta ɗago ta ce: "Baba, kai tsaye dai babu. Sai dai ka sauka Lome ka kwana, ka shiga na Legas, a can ka sake kamfani, ka yanki wani tikiti zuwa Kano. In komi ya tafi daidai, Juma'a da dare kana can." Na ce: "Ɗiyata, ba wata hanya?" Ta ce akwai, amma ta Adis Ababa.

Mai karatu ya ɗauki alƙalami mu ƙirga tare. Yamai zuwa Lome wajen kilomita 820, Lome zuwa Legas wajen 230, Legas zuwa Kano wajen 830: jimla kusan 1900, wato kusan ninki uku na ainihin nisan. Ta Habasha kuwa, wajen 4000 zuwa, wajen 3300 komowa, ninki goma ke nan. Yamai da Kano agogonsu ɗaya, amma mai bi ta Lome sai ya mayar da nasa baya da awa ɗaya, ya sake turo shi gaba, kafin ya isa garin da tun farko lokacinsu bai bambanta ba. Kuɗin da aka faɗa mini sun haura albashin wata na ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin matsayi.

Na fito na nemi mota. Muka tashi da azahar ranar Laraba, muka shiga Maraɗi tsakar dare, muka dakata gari ya waye, domin ba a ƙetare iyaka cikin duhu. Muna alwalar asuba waya ta buga: Allah ya yi mata cikawa. Aka yi mata sutura da hantsi kamar yadda addini ya tanada, lokacin da na shiga Fagge bayan azahar tabarmin zaman makoki na tarar. Ajali ba ya jiran jirgi, ba ya jiran mota, ban kuma ce da na iso da kwananta ya ƙaru ba. Abin da na sani shi ne, daga kiran ɗanta zuwa cikawarta awa talatin ne da ɗoriya, tsakanina da ita kuwa tafiyar awa ɗaya.

Ban kawo wannan don neman ta'aziyya ba. Jama'a sun yi, Allah ya saka da alheri. Na kawo shi don na san da yawa cikin masu karanta wannan shafi suna da irin nasu: ɗan kasuwar da ciniki ya kuɓuce ma don bai iso ranar da aka sa ba, ma'aikacin da aka tura taron yini ɗaya ya ɓata kwana huɗu a hanya, majinyacin da aka kwantar a bayan mota daga nan har can. Ya kamata mu tambayi yadda aka yi kusa ta koma nesa.

Amsar farko tana cikin tarihi. Fataken da ba su san kilomita ba, da zango da rijiya su ke ƙirga tafiya. Ayari kan tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas da Gat har Tarabulus, kuma in yana cin kilomita 25 a yini, wajen kwana goma sun kai shi Damagaram. Akwai kuɗin hanya, akwai ƴan fashi, amma hanyar a miƙe ta ke, inda ciniki ya ke can ta nufa. A 1890 Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka ja layi a takarda daga Sayi zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi. A 1898 suka gyara shi, suka zagaye Sakkwato da wani baka. Da Faransawa suka zo bin rabonsu da ƙafa daga kogi zuwa Damagaram, sai suka tarar ba rijiyoyi a kai, dole aka koma teburi a 1904 da 1906 aka sake shata iyakar. Tun a wancan zamani aka gane cewa layin da aka ja a takarda ba ya zama hanya sai an sami ruwan sha a kansa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Damagaram da ta Maraɗi ta bi shi zuwa Legas, abin da bai yi ma masu mulkin wannan ɓangare daɗi ba. A 1926, zamanin Gwamna Brévié, aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kawo Yamai. Cikin dalilan da a ke ambata akwai ƙarancin ruwa, akwai kuma kusancin garin da Kano ta Ingilishi. A shekarun 1950 aka ƙirƙiro shirin da aka sa ma suna Hirondelle, don a karkatar da kayan gabashin ƙasa zuwa Paraku da Kotonu. Da haka aka juya fuskar kowace ƙasa wajen tekunta da wajen uban gidanta, ta ba ƴar'uwarta baya.

Jirgin sama da ya zo, sawun nan ya taka. Kano ta fara ganinsa ran 1 ga Nuwamba 1925, sa'ad da jirage uku na sojan Ingila suka iso daga Masar. Daga 1936 aka soma zirga-zirga ta ƙa'ida, garin ya zama mashayar jiragen da ke ƙetare Sahara. Kamfanin KLM na Holan ya yi ta sauka can daga 1947 har 2012. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, waɗanda ba su bukatar shan mai a hanya, sai da yawa suka riƙa wucewa ta bisa kai. A namu ɓangare, ƙasashe goma sha ɗaya, har da Nijar, suka kafa Air Afrique a Yawunde a 1961, da mazauni a Abijan, aka kuma kafa Air Niger a 1966 don cikin gida. Manyan layukan Air Afrique Paris da Abijan da Dakar suka dosa, na Nigeria Airways kuma Legas da Landan. Air Afrique ta durƙushe a 2002, Nigeria Airways ta bi ta a 2003. Waɗanda suka gaje su sun kafa cibiyoyinsu a Lome da Abijan da Kasabalanka da Adis Ababa, kowa yana tattara fasinja zuwa gidansa kafin ya rarraba su. Mu da ke tsakiyar tudu muka zama reshe, reshe kuwa ba ya kai wa ga reshe sai ya koma ta gindi.

Amsa ta biyu tana cikin takardu. Tun yarjejeniyar Shikago ta 1944, kowace ƙasa ita ke da ikon samaniyarta, jirgin fasinja na wata ƙasa ba ya sauka ya ɗauki mutane sai gwamnatocin biyu sun rubuta wane kamfani, wane fili, sau nawa a mako. Shugabannin Afirka sun daɗe da sanin wannan ƙulli. An yi sanarwar Yamusukoro a 1988, aka yi ƙudurin Yamusukoro a 1999 don a sassauta shi. A watan Janairu 2018 aka ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Adis Ababa, Nijar da Najeriya duka suna cikin masu sa hannu. A watan Yuli 2019, a nan Yamai, bayan an sabunta filin Diori Hamani don taron Tarayyar Afirka, aka buɗe aikin yankin ciniki maras shinge na nahiya, a nan kuma Najeriya ta rattaba nata hannu. Wata mai bi masa, Agusta, ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Takardu dai ba su yi mana ƙaranci ba.

Amsa ta uku ƴan kasuwa za su fi kowa gane ta, domin lissafi ce. Gajeruwar tafiya ta fi doguwa tsada in aka raba kuɗin bisa kilomita. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa. Kuɗin sauka, da na fasinja, da na tsaro, da na masu lodi, biyansu a ke yi ko tafiyar ta kilomita 200 ce ko ta 4000, kuma da zarar jirgi ya ƙetare iyaka sai a caje shi da farashin ƙasa da ƙasa, wanda ya fi na cikin gida. Filin da za a tashi daga gare shi zuwa waje sai an ajiye masa ƴan sanda da ƴan duwan da ma'aikatan lafiya. Ga kuɗi iri biyu, sefa da ke ɗaure da yuro da naira da ke hawa da sauka, alhali kayan gyaran jirgi da inshora da dalar Amurka a ke biyansu. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a Janairu 1994 sun san yadda dare ɗaya kan ninka farashin abin da a ke saye daga waje. Kamfanoni sun sha buɗe layi tsakanin Yamai da Legas ko Abuja, su yi ɗan lokaci su janye. Fasinja ya ce ba ya dogara da jirgin da ba shi da tabbas, kamfani ya ce ba ya tashi da kujeru wofi, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

A bisa duk wannan sai siyasa ta aza nata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, Nijar ta rufe samaniyarta ran 6 ga Agusta, ta buɗe ta ran 4 ga Satumba, iyakarmu da Najeriya kuwa sai a watan Maris 2024 aka buɗe ta. Ran 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata. Ba wannan shafi ne zai yanke shari'ar wa ke da gaskiya ba. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, a cikin waɗancan watanni nisan Maraɗi da Katsina, wanda bai kai kilomita 100 ba, ya koma abin da babu ma'aunin da zai auna shi, kuma talakan da ke da uwa a can da ɗiya a nan shi ya ɗauki nauyin.

Na san abin da alhazan kasuwa za su ce, domin sun faɗa mini a gaban idona. Wani ya ce: "Malam, jirginka zai ɗauki buhun wake ɗari uku? Zai ɗauki shanu? Mu a hanya mu ke cin kasuwa, mu sauke a Ƙonni, mu ɗauka a Maraɗi." Gaskiyarsa. Kaya na mota ne da jirgin ƙasa, shi ya sa layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu 2021, ya fi kowane jirgin sama muhimmanci ga buhu da dabba. Mafi yawan jama'armu kuma ba za su iya kuɗin tikiti ba ko an rage shi da rabi, saboda haka gyaran babbar hanyar ƙasa da rage shingayen da ke kanta su ne a gaba. Amma akwai abin da mota ba ta sayarwa, shi ne lokaci. Alhajin da kayansa ke cikin babbar mota shi kansa yana da ranar da sa hannunsa a Kano kafin la'asar ya fi kayan daraja. Akwai injin da ya tsaya don ƙarfe ɗaya, akwai majinyaci, akwai mai gaggawar jana'iza. Ga kuma matsalar ƴan bindiga da ta addabi yankin Jibiya a shekarun nan, wadda ta sa mutum kan yi wasiyya kafin ya kama hanyar da kakanninsa suka bi da jaki.

Abin da na ke ganin ya dace da mu ba babba ba ne. Ba mu bukatar ƙaton jirgi, ba mu bukatar sabon gini. Ƙaramin jirgi mai farfela, mai kujera talatin zuwa hamsin, ya isa: ya tashi daga Yamai ya sauka Maraɗi ya wuce Kano, ya komo ta Damagaram, sau biyu a mako, a ranakun da ba su canzawa. Da haka fasinjan cikin gida da na ƙetare za su cika kujeru tare, kuma babu zango ɗaya a ciki da zai kai awa biyu. Sharaɗin kawai shi ne tabbas. Kasuwar ƙauye ba girmanta ke sa ta ci ba, sanin ranarta ne. In kowa ya san Litinin da Alhamis akwai jirgi, ko ana ruwa ko ana iska, mutane za su tsara al'amuransu a kai.

A nan ne aikin ya faɗo kan masu karanta wannan shafi. Ku ma'aikatan gwamnati, ku ke rubuta takardun da ministoci ke sa ma hannu. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971, mazauninta kuma a nan Yamai. Yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe biyu, ba ta rataya ga zama cikin wata ƙungiya ba. Ta hannunta a ke iya neman a ɗauki gajerun layukan da ke ƙetare iyakar nan kamar na cikin gida wajen haraji, a kuma ba Maraɗi da Damagaram ma'aikatan da za su duba fasfo da kaya a ranakun da jirgi ke zuwa. Ku kuma ƴan kasuwa, kun san adashi, kun san yadda a ke haɗa kuɗi a ɗauki shatar babbar mota. In majalisun ƴan kasuwa na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Katsina da Kano suka yi alkawarin sayen wasu kujeru kowane mako na tsawon shekara, kamfanin da ke tsoron tashi wofi zai sami abin dafawa. Gwamnati ma, da ke biyan kuɗin mai da na kwana ga ma'aikatan da ta ke turawa gabas, tana iya mayar da wani kaso na wannan kuɗi kujerun jirgi.

Magabata sun ce zumunta a ƙafa ta ke, kuma kowane zamani da irin ƙafarsa: na kakanninmu raƙumi da jaki, na iyayenmu babbar mota, namu ya haɗa da fiffike. Kilomita 700 ɗin nan Allah ne ya ajiye su, ba mai ƙara su, ba mai rage su. Ragowar 1200 da a ke ɗora ma matafiyi ta Lome da Legas kuwa mutane ne suka rubuta su, abin da hannu ya rubuta kuma hannu na iya gyara shi. A taswira muna hangen Dala tun daga bakin kogin Isa. Saura shiga birni. Allah ya ba shugabanninmu na nan da na can ikon duba wannan, ya kiyaye matafiya ta ƙasa da ta sama, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai wani mako, in mai duka ya kai mu.